Idan Aka Raba Gandu, Wa Zai Riƙe Makullin Rumbu?

Ranar 1 ga Fabrairun 2020 harajin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Kafin sati ya zagayo, wani kantin sari ya kira mai wannan rubutu, wanda sana'arsa gina manhaja ce, kuma shi ya gina musu tasu. A kayan naira 10,000, rasit yana nuna harajin naira 750, rahoton ƙarshen rana kuma yana rubuta 500. Akawu da yaron kanti har sun fara yi wa juna kallon zargi. Babu ɓarawo a cikinsu. Aika-aikar ta mai manhaja ce.

A tsarin da ake gina yawancin manhajojin yau, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka aza harsashinsa a Norway da yaren Simula 67, ana kasa aiki gida-gida. Kowane gida ana ce masa aji, yana da bayanansa da ayyukan da yake yi da su. Manhajar kantin ta fara ne da aji guda da ya haɗiye komai: farashi, lissafi, buga rasit, rahoto. Da ta yi ƙiba har taɓa ta ya zama abin tsoro, sai mai manhajar ya yi mata gyaran fasali, wato sake tsarin ciki ba tare da an canza abin da mai amfani yake gani ba. Ya fitar da aji uku: Ciniki, Rasit da Rahoto.

Duk wanda ya ga yadda ake raba gandu ya san tayar da katanga ba shi ne wuya ba. Rigimar tana wajen rumbu. Ajujuwan nan uku kowanne yana buƙatar adadin haraji, shi kuwa don sauri sai ya kwafa wa kowa nasa. Ranar da doka ta canza, ya gyara biyu, ya manta na uku.

Dabarar da ta fara zo masa ita ce wadda ke zo wa kowa: a ajiye bayanin a fili, inda kowane aji zai iya ɗiba kuma ya iya canzawa. Masu sana'ar sun daɗe da sanin illar wannan ma'aji na gama-gari. Tun 1973 William Wulf da Mary Shaw suka yi rubutu suna gargaɗi a kansa, domin idan adadi ya lalace ba a san hannun wa ya taɓa shi ba. A shari'ar da aka yi da Toyota a Oklahoma ta Amurka a 2013, kan motar da aka ce ta ƙara gudu da kanta, ƙwararru sun shaida cewa manhajar injin tana ɗauke da irin waɗannan ma'ajiyoyi wajen dubu goma. Akwai kuma salon aji tilo, wanda littafin Design Patterns na 1994 ya yayata. Sau da yawa shi ma rumbun kowa ne, an dai sa masa babbar riga.

Abin da mai manhajar ya yi a ƙarshe ya fara ne da tambaya ɗaya: wannan bayani na wa ne? Ya ƙirƙiri ƙaramin aji mai suna Haraji, shi kaɗai ya san adadin, shi kaɗai ke lissafi da shi. Sauran ba sa tambayarsa kashi nawa ne. Suna miƙa masa kuɗi, ya faɗa musu harajin. Wannan ita ce shawarar David Parnas tun 1972: duk abin da ake zaton zai canza, a ɓoye shi a wuri guda. Sannan ba a bar Rasit ya fita neman Haraji da kansa ba, ana damƙa masa shi a hannu tun lokacin gina shi. Amfanin ya bayyana wajen gwaji, don ana iya ba shi harajin wasa a ga yadda zai yi.

Garin gyaran ya gano wani ramin. Rasit da Rahoto suna riƙe da jerin kaya guda ɗaya, ba kwafi ba, don haka idan ɗaya ya cire abu, ya ɓace wa ɗayan. Ya mayar da cinikin da aka kammala abin da ba ya canzuwa: kowa ya karanta, ba mai gogewa. Harajin da aka karɓa a ranar ma yana cikinsa, don kada sabon adadi ya koma ya ɓata tsofaffin rasitai.

Martin Fowler, a littafinsa Refactoring na 1999, ya ambaci wata alama da ya kamata a lura da ita: aikin da ya fi leƙa bayanan wani aji fiye da na gidansu. Maganinsa a ɗauke aikin a kai shi inda bayanan suke. Uku daga ayyukan Rahoto haka suka koma Ciniki.

Yanzu kafin mai manhajar ya raba kowane aji, takarda yake ɗauka ya jera bayanan ciki, ya rubuta sunan mai shi a gaban kowanne, sannan ya rubuta gwajin da zai kwatanta jimillar rasitai da rahoton rana. A manhajar kantin, adadin 7.5 a layi ɗaya tak yake zaune.