Amanar Mai Zanen Gini a Kan Ran Lebura

 

Darasin wannan mako ya shafi mutumin da ba a ganinsa a kan tsani, alhali kuwa shi ne ya sa aka hau tsanin, watau mai zanen gini. Jama'a da yawa suna zaton maganar tsare rai sai a manyan benaye. Amma ƙaramin aiki, kamar ƙarin ɗaki a bayan gida, ko ɗora bene a kan shago, ko sake rufin masallacin unguwa, nan ne ake aiki ba mai dubawa, kuma faɗowa daga rufin ɗaki ɗaya ta isa ta mai da 'ya'yan lebura marayu.

A ƙasar Biritaniya an kafa doka a kan wannan al'amari a 1994, aka sabunta ta a 2007, aka sake sabunta ta a 2015. Dokar ta 2015 ta hau kan kowane aikin gini, har da na cikin gida. A wurinta, duk wanda ya shirya zane ko ya canza shi, mai zane ne, ko da ba ya amsa wannan suna. Ta ɗora masa ya kawar da haɗarin da ake iya hangowa tun a takarda. Wanda bai kawu ba ya rage shi, abin da ya saura kuma ya sanar da masu aikin.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga mai karatun fiƙihu. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga aikin magani ba a san shi da saninsa ba. Ƙiyasin a fili yake: wanda ya yanke kaurin ginshiƙi da yawan rodin da za a sa a dakin bene ba tare da ilmin abin ba, ya taɓa rayuka kamar yadda wancan ya taɓa.

Mas'alar katanga ta fi kusa. Malaman Malikiyya sun ce idan katanga ta karkata daga baya, aka gargaɗi mai ita, ya sami damar gyarawa bai gyara ba, to, abin da ta halaka yana wuyansa. Idan kuwa tun farko a karkace aka gina ta, ba a bukatar gargaɗi, domin ɓarnar tana cikin asalin aikin. Kuskuren zane irin na biyun ne, tun da aibin ya riga tubalin farko zuwa. Ibnur Rami, wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-ginen da ake shari'a a kansu, ya tara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda. Ashe tun can alƙali ba ya raina shaidar mai sana'a.

Akwai kuma hanin da Tirmizi ya ruwaito game da kwana a kan rufin da ba a kewaye shi ba. Maginan Hausa sun saba yi wa soro rawani, sun kuma san iyakar faɗin da azara za ta ɗauka, in ɗaki ya wuce haka sai a yi masa baka ko a kafa ginshiƙi. Yanzu sai a ga bene na siminti ba makari a gefensa, da matakala ba abin dafawa, wai don a rage kuɗin bulo.

Abin da ke kan mai zane a ƙaramin aiki ba shi da yawa, amma ba ya faɗuwa. Ya je ya ga wurin da idonsa, ya san ko harsashin tsohon ɗaki zai ɗauki bene, ya lura da wayar lantarki da ta ratsa saman fili, ya tambayi kansa yadda za a hau a gyara tankin ruwa bayan shekara goma. Abin da ya fi ƙarfin saninsa ya miƙa wa injiniya.

Saura mai gida da ke cewa a rage rodi, ko a ƙara hawa ɗaya bayan an zuba harsashi. Da ya faɗi haka ya shiga cikin masu zane, nauyin ya hau kansa shi ma. Sai dai umurninsa bai wanke wanda ya san haɗarin ya yi shiru ba. Wajibi ne mai zane ya bayyana masa, a gaban shaidu ko a rubuce, idan kuma ya dage, ya janye hannunsa daga aikin ko da kuɗinsa bai fito ba.