Darasi Ga 'Yan Kasuwa: Tsayar Da Girman Allo Wajen Duba Lissafi Daga Nesa

Fatake mazauna Agege a Legas, waɗanda suka bar kwamfutar lissafinsu a shagon Kano, suna iya shiga cikinta daga inda suke ta hanyar Remote Desktop na Windows. Matsala kan taso ne idan ofishin na da allo biyu da girmansu bai zo ɗaya ba, irin na hannu da ake saye a Computer Village ta Ikeja. Yau jadawalin kaya ya fito cif, gobe layin farashi ya ɓuya a gefe, mai shago ya karanta bashi a gurbin riba.

Tun fitowar Windows 7 a shekarar 2009 ake iya baza aikin bisa alluna da yawa, sai dai a wannan tsari kowane allo girmansa yake bi, ba wanda mutum ya zaɓa ba.

Mai son girma guda tabbatacce sai ya adana haɗin cikin fayil mai ƙarewa da .rdp, ya buɗe shi da Notepad, ya gyara layukan nan:

use multimon:i:0
screen mode id:i:1
desktopwidth:i:1920
desktopheight:i:1080
smart sizing:i:1

Layi na farko ke kashe bazawar, na biyu ya mai da aikin taga wadda za a iya ja zuwa kowane allo. Na ƙarshe kuwa shi ke matse hoton idan allon ƙarami ne, har babu lambar da za ta ɓace, ko da yake rubutun kan ƙanƙance.

Inda intanet ba ta da ƙarfi, gara a sauko zuwa 1366 da 768, domin babban hoto ya fi cin data kuma ya fi nawa.