Ga 'Yata, Wadda Mai Gidanta Yake Bakin Daga

'Yata, an ce duk ranar da rediyo ya ambaci Barno ba kya iya cin abinci. Matso ki ji.

Yaƙin sari-ka-noƙe ba a miƙe yake tafiya ba. A Disambar 2015 Shugaba Buhari ya ce kusan an gama da Boko Haram, mu ma nan Achika muka yi ta hamdala a majalisa. A 2016 ƙungiyar ta dare gida biyu, ɓangaren ISWAP ya sa sansanonin soja a gaba. Sai ga harin sansanin Metele a Nuwambar 2018. Rundunar soja ta ce mutum 23 ta rasa, wasu kafafen labarai suka ce sun kai ɗari. Saboda haka adadin da kika gani a waya daren farko, kada ki ɗora kuka a kansa, kada kuma ki tura wa surukarki.

Lafawar da faɗan kan yi ma tana da dalili. A 2019 aka kwashe sojoji daga ƙananan sansanoni aka tara su a manya, don kada a riƙa tsintarsu ɗai-ɗai. Ƙauyawan da aka bari su suka ji a jikinsu. A 2021 Shekau, shugaban ɗaya ɓangaren, ya mutu a dajin Sambisa, dubban mutanensa suka miƙa wuya. Ga kuma damina: ƙasar wajen Tafkin Chadi laka ce mai riƙe mota, sai faɗa ya ja baya, da rani ya dawo. Ai kin ji yadda aka sake far wa sansanin Marte a 2025, bayan har an fara sakin jiki.

To in wayarsa ta yi mako ba ta shiga, yawanci sabis ne babu a dajin. In ya kira, ban da tambayar ina suke, ina za su. A wannan aikin ba a faɗa. Hotonsa da kaki kuwa, ki bar shi a ɗakinki, ba a Facebook ba.

Saura guda mai nauyi, Allah Ya kiyaye. In ya zo hutu, ki lallaɓa ki tambaye shi sunan wa ya rubuta a takardar magaji, don da yawa tun suna samari a Difo na Zariya suka cika ta, ba su sake dubawa ba. Lambar aikinsa ma ki rubuta, ki ba yayanki ya ajiye miki.