Aljani, Fatalwa da Camfi a Littattafan Matasa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya keɓanta da sanin gaibu, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi labaran ban tsoro da samari da 'yan mata ke karantawa.

Wanda ya zauna da matasa a Jega ko Maiyama, ko ɗaliban jami'ar da aka kafa a Aliero cikin 2006, zai iske da yawansu suna bin irin waɗannan labarai, wasu a takarda, wasu a wayar hannu. A ciki akan ga mamaci ya taso daga kabari ya ɗauki fansa, ko tsohuwa ta kama kurwar amarya, ko boka ya tura aljani ya kawo dukiya.

Shigar aljanu cikin ƙagaggun labaran Hausa tsohon abu ne. Gasar da aka shirya a Zariya cikin 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma dukansu biyu akwai aljanu a ciki. Kafin su ma akwai tatsuniya da Dodonta. Amma mai tatsuniya yakan rufe da shaida wa yara cewa ƙarya ce ta Gizo, alhali wasu labaran yau sukan buɗe da rantsuwar cewa abin ya faru. Saboda haka wajibi ne mai karatu ya iya rarrabe abubuwa uku da marubuta kan cakuɗa.

Na farko aljani. Samuwarsa gaskiya ce, musunta ta kuwa musun Alƙur'ani ne, domin sura ta 72 da sunansu aka kira ta, aya ta 15 ta Suratur Rahman kuma ta bayyana cewa daga wuta aka halicce su. Sai dai bayi ne masu iyaka. Aya ta 14 ta Suratu Saba'i ta ba da labarin yadda Annabi Sulaimanu, alaihis salam, ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta wahalar aiki ba su sani ba, sai da gara ta ci sandar ya faɗi. Wanda bai san mutuwar da ke gabansa ba, ina zai san abin da zai auku gobe? Aya ta 6 ta Suratul Jinni kuma ta nuna cewa masu neman tsari da aljanu ba abin da suka ƙaru da shi sai wahala da ɓata.

Na biyu fatalwa, watau ruhin mamaci da ake cewa yana yawo cikin mutane. Wannan ba shi da asali. Ayoyi na 99 da 100 na Suratul Mu'minun sun nuna cewa mai mutuwa yakan roƙi a mai da shi duniya, a hana shi, ya zauna a barzahu har ranar tashi. Larabawan Jahiliyya sun kasance suna cewa ruhin wanda aka kashe yakan zama mujiya, ya yi ta kuka har a rama masa. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya kore wannan a hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslimu suka ruwaito. Ashe mamaci mai ɗaukar fansa tsohuwar Jahiliyya ce aka yi wa sabon bango.

Na uku camfi, kamar cewa kukan mujiya a kan ɗaki alamar mutuwa ce, ko shara da dare na korar arziki. Ranar da Ibrahimu ɗan Annabi ya rasu, cikin shekara ta 10 bayan Hijira, an yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwar ce. Nan take Annabi ya gyara musu, ya bayyana cewa rana da wata ba su husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Yana cikin baƙin ciki, amma bai bar camfin ya kwana ba.

To, me ya sa abin ya wuce wasa? Domin abin da yaro ya karanta da dare shi yakan fassara masa abin da ya gani da rana. Yarinya mai farfaɗiya sai a ce iska ce, a nufi gidan boka a bar asibiti, alhali Muslimu ya ruwaito cewa mai zuwa wurin ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Mafi muni, tsohuwar da ba ta da gata sai a jefe ta da maita ba hujja ba shaida, a ɓata sunanta da na jikokinta, wani lokaci har a taɓa lafiyarta. Wannan zalunci ne da za a tsaya a kansa gaban Allah.

Ƙaga labari don nishaɗi ko hannunka-mai-sanda ba laifi ba ne, matuƙar kowa ya san ƙage ne. Ma'aunin da ya kamata uba ko malami ya riƙe shi ne ya dubi ƙarshen littafi: wa marubucin ya bar wa iko? In jarumin ya tsira ta hanyar yanka wa aljani ko bin umurnin boka, to littafin ya koyar da shirka ko da ya cika da salati. In kuwa ya tsira da dogaro ga Allah da neman magani da aiki da hankali, ba a hana shi ba.

Jega da Aliero da Maiyama duk ƙasar Gwandu ce, inda Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, mai tafsirin Liya'ut Ta'awili, ya karantar har rasuwarsa cikin 1829. Bai dace 'ya'yan wannan ƙasa su san sunayen aljanun littafi fiye da ma'anar Falaƙi da Nasi ba. Iyaye su tambayi 'ya'yansu abin da suke karantawa, su saurara kafin su yi faɗa, sa'an nan su koya musu Ayatul Kursiyyu da addu'o'in kwanciya. Marubuta kuma su tuna alƙalami amana ne.

Allah Ya tsare imanin matasa, Ya shiryi masu rubutu. Allah ne Mafi sani.