Lambar Jarumtaka da Labarin Chari Maigumeri

Tun zamanin dā sarakunanmu sukan yi wa jarumi kyautar doki da riga da rawani in ya komo daga fagen fama. Turawan Ingila kuwa lamba suke maƙala masa a ƙirji, wadda soja ke kira minda. Ya kamata mu san asalin waɗannan lambobi, domin mutanen ƙasarmu da dama sun same su da jininsu.

Babbar cikinsu ita ce Victoria Cross, wadda Sarauniya Biktoriya ta kafa a 1856, ana gab da ƙare yaƙin Kirimiya. Da tagulla ake ƙera ta, ba da zinariya ba, domin darajarta ba ta ƙarfen ba ce. Ana ba hafsa, ana ba farabiti, ba bambanci. Sauran lambobi kuwa an raba su bisa muƙami. An kafa D.C.M. a 1854 da M.M. a 1916 domin sojan da ba hafsoshi ba, M.C. kuwa a 1914 domin hafsoshi. Wannan rabo ya tsaya har 1993, sa'ad da aka soke shi, aka ce jarumtaka ba ta san igiya ko anini ba.

Ba a ba da lamba don mutum ya yabi kansa. Sai waɗanda suka gani da ido sun yi shaida, hafsansa ya rubuta abin da ya auku, takarda ta bi manya daki-daki, sa'an nan a buga sunansa a jaridar gwamnati.

Mu ɗauki misalin Chari Maigumeri, mutumin Barno. Yana saurayi ya shiga sojan Jamus a Kamaru. Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi a 1914, ya yi faɗa da sojan Ingila a wajen Garwa, har Jamusawa suka ba shi lambar yabo. Garwa ta faɗi a 1915, shi ma ya shiga hannun Ingilishi. Daga baya ya ɗauki kakin rundunar Nijeriya, aka kai shi gabashin Afirka ya yaƙi Jamusawa. Ya yi ta hawa har ya zama babban samanja na bataliya ta uku. A Yaƙin Duniya na Biyu ya sami M.M. a yaƙin Habasha da Italiya, sa'an nan ya tafi Bama ya kara da Japan. Ya bar aiki a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa, aka kuma sa wa barikin soja na Lakwaja sunansa.

Abin lura a nan shi ne, al'umma biyu masu gaba da juna sun dubi mutum guda, kowacce ta yi masa shaida iri ɗaya. Tuta ta sake, hali bai sake ba. Yabon gwani ya zama dole.

Amma kada mu manta, lamba sai wanda aka gani. Dubban 'yan dako sun ɗauki kaya a ka cikin dazukan Bama ƙarƙashin harsashi, da yawansu ba wanda ya rubuta sunansu. In mun koya wa yara labarin mai minda, to, mu ambaci waɗannan tare da shi, gama da su aka ci yaƙin.