Darasi: Kamfanin Waya Ma Yana Da Mudu

A kasuwar Jega, mai awon hatsi da ke tauye mudu ba ya daɗewa da masu saye. Haka ma dillalin albasa a Aliero. In ya ɓoye ruɓaɓɓu a gindin buhu, sau ɗaya zai yi. To, kamfanin waya ma yana da nasa mudun. Mudunsa shi ne ƙa'idojin aiki: kira ya shiga, kuɗin da aka cire ya yi daidai da maganar da aka yi, kuma in layi ya lalace a gyara da wuri.

Gwamnatin tarayya ta kafa kamfanin NITEL a 1985. Shekaru da yawa shi kaɗai ke ba da layin waya a Nijeriya. Tun da babu mai gasa da shi, bai kula da mudu ba. Mutum kan yi shekaru yana jiran layi. Wanda ya samu kuma, in waya ta mutu sai ya yi ta zirga-zirga a ofis. A shekarar 2000, layukan ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba. Ƙauyuka irin su Sarandosa kuwa, saƙo sai ta wasiƙa ko ta bakin direba ranar kasuwa.

Hukumar da ke duba mudun kamfanonin waya ita ce NCC. An kafa ta a 1992. A 2001 ta sayar da lasisin wayar hannu, kowane ɗaya a kan dala miliyan 285. Kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki a wannan shekara. Econet shi ne ya yi ta sauya suna har ya zama Airtel.

Da farko su ma mudunsu da gyara. Ko gaisuwa kawai mutum ya yi, kuɗin minti cikakke ake cire masa, wato naira 50. Kamar a auna maka rabin mudu ne a karɓi kuɗin guda. A 2003 kamfanin Glo ya fara lissafi da daƙiƙa. Dole sauran suka bi.

NITEL bai iya wannan gasa ba. Jama'a suka watse, bashi ya taru, aka sayar da shi a 2006, gwamnati ta karɓe shi a 2009. Daga baya aka sayar da kayansa ga wani kamfani a kan dala miliyan 252.

Babban kamfani ma bai fi ƙarfin doka ba. NCC ta ce a rufe duk layin da ba a yi wa rajista daidai ba, domin miyagu kan ɓuya a bayan irinsa. MTN bai rufe layuka wajen miliyan 5 a kan lokaci ba. A 2015 aka ci shi tarar fiye da naira biliyan 1,000. Bayan sulhu aka rage ta zuwa biliyan 330. Kamfanin ya biya kashi-kashi, ya gama a 2019, ya ci gaba da aikinsa.