Zanzibar Ga Mai Tafiya Shi Kaɗai: Abin Da Hoto Bai Faɗa Ba

Hoton Zanzibar da ke yawo a wayoyinmu ba ƙarya ba ne. Farin rairayin yana nan, shuɗin ruwan yana nan, haka bishiyoyin kwakwa da kwale-kwale masu filafilai. Sai dai an ɗauki hoton ne a sa'a ɗaya cikin sa'o'i ashirin da huɗu, a watan da sararin sama ya washe, ta kusurwar da babu kowa. Sauran sa'o'in tsibirin yana komawa ainihin abin da yake, wato garin mutane. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum kusan miliyan 1.9 ke zaune a Unguja da Pemba, manyan tsibiran biyu, akasarinsu Musulmi, masunta da manoma da 'yan kasuwa. Wanda ya je da rakiya, in abin da ya tarar ya saɓa wa zatonsa, yana da abokin hira da zai rage masa takaici. Wanda ya je shi kaɗai kuwa, da kansa zai yi shawara, don haka gara ya san waɗannan abubuwa tun yana gida.

A fara da takardu, domin nan ake yawan yin asarar kuɗin jirgi. Zanzibar ɓangare ce ta Tanzaniya tun haɗewar 1964, bizar Tanzaniya ake shiga da ita. Masu fasfo ɗin Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin waɗanda ba a ba su biza a filin jirgi. Sai an nema tun daga gida, an jira amincewar hukumar shige da fice, kuma jiran yakan ɗauki makonni. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Ka riƙe katin rigakafin cutar shawara, za a tambaye ka. Tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta kuma wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfaninta, a kan dala 44, ko da kana da wata inshorar. Irin waɗannan ƙa'idoji sukan sauya, saboda haka ka sake tabbatarwa a ofishin jakadanci kafin ka tashi.

Babban abin da ke girgiza baƙo shi ne ruwan kansa. Mu mutanen tudu mun saba da kogi mai cika da damina ya janye da rani. Teku kuwa sau biyu take cika ta janye a kowace rana. A gabashin Unguja, wajen Paje da Jambiani da Bwejuu da Matemwe, gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce, idan ruwa ya janye yakan yi nisan da ya kai kilomita guda ko fiye. Mutum ya biya kuɗin ɗaki mai kallon teku, ya fito da hantsi, sai ya tarar da fili na jiƙaƙƙen rairayi da duwatsu da ciyawar ruwa, tekun tana can nesa sai ƙyallinta. Mutane da dama sukan ɗauka an cuce su. Ba a cuce su ba, ba su tambaya ba ne.

Abin daɗi shi ne mai lissafi da watan Musulunci ya riga ya riƙe mabuɗin wannan al'amari, domin wata ne ke jan ruwan. A kwanakin tsayuwar wata da kwanakin cikarsa, wato farkon wata da wajen sha biyar gare shi, ruwa yakan cika sosai ya kuma janye sosai, kuma a wannan gaɓa janyewar takan faɗo tsakanin hantsi da tsakar rana, cikowar ta zo bayan la'asar. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa, bambancin kaɗan ne. Kowace rana lokacin yana jinkirta da kimanin minti hamsin. Masaukai da yawa suna liƙa jadawalin a bango, in ba ka gani ba kowane masunci zai faɗa maka. Idan burinka shiga ruwa a duk lokacin da ka so, nufi arewacin tsibirin, Nungwi ko Kendwa, inda gaɓar ke da zurfi, ruwan ba ya yin nisa. Amma ka san can ne cunkoson 'yan yawon buɗe ido ya fi yawa, da kiɗa har tsakar dare, da mashaya a bakin rairayi. Wanda ya zo neman natsuwa da wurin da zai yi sallarsa cikin kwanciyar hankali, gabas ta fi masa.

Ni a ganina lokacin janyewar ruwan ma ya fi abin kallo. Sa'ar nan ce mata ke fita gonakinsu na cikin teku. Tun wajen 1989 aka fara noman ciyawar ruwa don sayarwa, wadda suke kira mwani. Sukan kafa turaku a rairayi, su ɗaura igiyoyi, su ɗaɗɗaure 'yan rassan ciyawar, bayan makonni su girbe, su shanya a ƙofar gida, a sayar wa masu fitar da ita waje don haɗa magunguna da kayan kwalliya da na abinci. Aiki ne mai wuya, a sunkuye cikin ruwan gishiri da zafin rana, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Kada ka taka igiyoyinsu, kada ka ɗauke su hoto ba izini. Ka yi sallama, za a amsa maka. Ka kuma sa takalmin roba duk lokacin da za ka shiga filin nan, saboda akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke ɓuya tsakanin duwatsu, ƙayarta takan karye cikin tafin ƙafa. Da ka ga matan sun fara tattara kaya suna komawa, kai ma ka juya. Ruwan yana dawowa da sauri fiye da yadda ido ke zato, kuma yakan fara cike kwaruruwan da ke bayanka kafin ya iso gabanka.

Wannan ya kawo mu ga maganar da na fi damuwa da ita. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, wanda ya iya ma a kududdufi ko dam ya koya, inda babu igiyar ruwa mai ja. Za a yi ta tallata maka fita da kwale-kwale: zuwa tsibirin Changuu don ganin manyan kunkuru, zuwa tudun rairayin Nakupenda wanda ke nutsewa idan ruwa ya ciko, ko wajen tsibirin Mnemba don leƙa kifaye a ƙarƙashin ruwa. Kada kunya ta hana ka cewa ba ka iya ruwa ba. Ka ga rigar ceto da idonka, ka sa ta kafin a tashi, in babu ka sauka ko da ka biya. Ka shaida wa mai masaukinka inda za ka, da wanda za ka, da lokacin dawowa. Mai tafiya shi kaɗai ba shi da wanda zai ƙirga kai ya ce saura mutum ɗaya. Mutanen Zanzibar ba su manta da jirgin Spice Islander da ya nutse tsakanin Unguja da Pemba a Satumbar 2011 ba, ko Skagit da ya bi bayansa a Yulin 2012. Lodi fiye da kima na cikin abin da ya jawo na farkon. In za ka tsallaka daga Darussalam, tafiyar kimanin sa'a biyu ce a jirgin ruwa mai sauri. Sayi tikiti a tagar kamfanin, ka ƙyale masu tare ka a ƙofar tasha.

Lokacin zuwa ma abin dubawa ne. Daga Maris zuwa Mayu ake babbar damina, ruwa kamar da bakin ƙwarya, wasu masaukai har rufewa suke yi, shi ya sa farashi ke faɗuwa. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba. Yuni zuwa Oktoba ya fi sanyi da bushewa, sai dai iskar kudu takan tayar da teku, mai saurin amai ya tanadi magani. Sauro yana nan, a kwana cikin gidan sauro.

Sai batun masu tare baƙi a bakin teku da titunan birni, waɗanda 'yan gari ke kira papasi. Da sun ga mutum shi kaɗai sai su yi masa ca: wannan da yawon gonar kanumfari, wannan da kwale-kwale, wannan da zane. Yawancinsu neman abinci suke, ba mugunta ba, amma nacinsu yana gajiyarwa. Amsa gaisuwa, ka ce "hapana, asante", ka ci gaba da tafiya. Kada ka ce sai gobe in ba ka nufin goben, domin za ka tarar da shi yana jiranka. Ciniki kuwa ba sai an koya wa Bahaushe ba. A yanke farashi kafin a shiga tasi, a kuma fayyace ko na mutum ɗaya ne ko na mota duka. Mai son rangwame ya hau daladala, wato motar haya ta jama'a, daga wajen kasuwar Darajani, kuɗinta kaɗan ne, sai dai haƙuri da matsi da tsaye-tsaye. In ka yi alkawari da direba, tabbatar da wane lissafin agogo yake nufi, domin Suwahili suna fara ƙirga sa'o'i daga fitowar rana: "saa moja" ta safe ita ce ƙarfe bakwai. Riƙe shilin Tanzaniya a hannu, injinan cirar kuɗi sun fi yawa a birni, kuma kada ka dogara da katin bankin gida shi kaɗai.

Ke kuma 'yar'uwa da za ki tafi ke kaɗai, shigarki ta gida ita ce shigar matan garin, hijabi da doguwar riga ba za su sa a kalle ki ba. Duk da haka ki zaɓi masauki mai mai gadi da ƙofa mai kulle ta ciki, ki karanta abin da matan da suka sauka can suka faɗa, kada ki bi bakin teku bayan duhu, kada kuma ki faɗa wa wanda kika haɗu da shi yau sunan masaukinki. Namiji ma ya kiyaye tafiyar dare a rairayin da babu kowa, ƙwacen waya yana faruwa.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, shi ne kaɗaici. Zanzibar na kusa da tsakiyar duniya, rana na faɗuwa wajen shida da rabi duk shekara, duhu ya rufe nan da nan. A otal-otal na bakin teku kusan kowa da abokin tafiyarsa, ango da amarya, iyali, abokai. Kai kaɗai a teburi, dare ya yi tsawo, sai ka fara tambayar kanka me ya kawo ka. Wani lokaci ma, da yake fatarka irin ta 'yan gari ce, mai gadin otal zai tsayar da kai da tambayoyin da bai yi wa Bature ba. Abin yana da ciwo, amma ka amsa cikin mutunci ka wuce.

Maganin wannan kaɗaici, a ganina, shi ne kada ka kashe dukan kwanakinka a bakin rairayi. Ka raba su, ka ba tsohon birni, Mji Mkongwe, rabi. Lungunansa da manyan ƙofofinsa na katako masu sassaƙa sun sa hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. A nan kiran salla ke tashe ka, masallaci a kusan kowace unguwa. Mafi yawan mutanen garin Shafi'iyya ne, akwai kuma Ibadiyya da suka zo daga Oman, don haka za ka ga 'yan bambance-bambance da abin da ka saba na Malikiyya. Bi limaminka kawai. Bayan salla dattawa kan zauna a kan dakalin ƙofar gida suna shan gahawa a ƙananan kofuna. Zauna da su. Za ka ji sabuni, dunia, habari, kalmomin da kunnenka ba zai baƙunta ba, saboda Larabci ya ratsa harsunanmu duka biyu. Da magariba ka gangara lambun Forodhani, ka sha urojo, wani romo mai tsami da dankali, ka tambayi farashin gasasshen kifi kafin a ɗora maka a faranti, ka kuma zaɓi wanda aka gasa a gabanka.

Fitaccen ginin nan na Beit al-Ajaib, wanda Sarki Barghash ya gina a 1883, wani sashensa ya rufta a Disambar 2020, don haka ka tambaya ko an buɗe shi kafin ka sa rai. Wurin da ba zan so ka tsallake ba shi ne Mkunazini, inda tsohuwar kasuwar bayi take har aka rufe ta a 1873, aka gina coci a gurbinta. Ka sauka cikin ɗakunan ƙasa, ka karanta bayanan da ke bango a tsanake. Kanumfarin da ya yi wa tsibirin suna, da ƙarfin bayi aka noma shi a wancan zamani. In kana da sauran rana, je kudu zuwa Kizimkazi ka ga masallacin da rubutun bangonsa ke ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107.

Kafin ka biya kuɗin kowane ɗaki, aika wa mai masaukin tambaya uku: yaya ruwan yake a gabansa idan ya janye, ina masallaci mafi kusa, kuma wa zai ɗauko ka daga filin jirgi, a kan nawa. Wanda ya ba ka amsa dalla-dalla, sauka wurinsa. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya.